Shagala da Bege: Yadda Adabin Hausa Ke Yanke wa Wanda Ya Nutse Hukunci

A waƙoƙin Hausa da littattafanta akwai wani mutum da ba a rasa shi. Ana yi masa magana ba ya ji. An ajiye masa abinci har ya huce bai sa hannu ba. Dare ya raba, gari ya yi tsit, shi idonsa biyu. In mai waƙar wa'azi ne ya kawo shi, zai ce ya shagala, a taya shi da addu'a ko Allah ya farkar da shi. In sha'iri ne, zai ce bege ya kama shi, har ya roƙi Allah ya ɗanɗana mana abin da ya ɗanɗana. Alamun jikin iri ɗaya ne, sunan ne ya rabu biyu, kuma duk wanda aka zaɓa a cikinsu an riga an yanke wa mutumin hukunci tun mai sauraro bai ga fuskarsa ba.

Bahaushe ba ya rasa yadda zai faɗi wannan hali. Yakan ce hankalin wane ya tafi, ko ya yi nisa, ko ya nutse, ko ya dulmuya. Amma shagala da bege su ne adabi ya ɗora wa kaya mafi nauyi, domin kowannensu yana da gidan da ya girma a ciki, ɗaya a waƙar wa'azi, ɗaya a madahu.

Shagala ta shigo ne ta hannun malamai daga Larabci, kuma a bakin malaman ƙarni na 19 ba ta tafiya ita kaɗai, tana jere da gafala da lahawu. Tun farko ma zargi ce ta siyasa. A Kitabul Farƙi, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa abin da ya raba mulkin Musulunci da na sarakunan da ya yaƙa, cikin laifuffukan da ya ambata akwai ɓata dare da rana wajen kaɗe-kaɗen da ba su da dalili a shari'a. Sarkin da tambura suka cika masa kunne ba zai ji kukan talaka ba. Da waƙoƙin wa'azi suka yaɗu a ajami bayan jihadin 1804, sai zargin ya sauko daga fada ya shiga kowane gida: falke da jakunansa, manomi da rumbunsa, saurayi da rigarsa, kowa yana da abin da ya shagaltar da shi.

Waɗannan waƙoƙi suna da hanyar da suka saba bi, kuma ana ganin ta tun a waɗanda Charles Robinson ya tattara ya buga a Ingila a 1896, har da waɗanda ake danganta wa Malam Muhammadu na Birnin Gwari. Mawaƙi zai jero kayan duniya, dawaki da tufafi da bayi da mata da sarauta. Zai siffanta duniyar kanta da mace mai yaudara, wadda ta ci ado ta ɓoye tsufanta. Sa'an nan, mutum na tsakiyar jin daɗi, sai mala'ikan mutuwa ya yi sallama. Daga nan kabari, tambaya, ma'auni, siraɗi. Abin lura shi ne shagalalle ba ya magana a waƙar wa'azi. Ba a taɓa barin mu shiga ransa mu ji abin da yake ji a lokacin da yake shafa wuyan dokinsa. Daga waje ake nuna mana shi, kuma wanda aka hango daga waje yana rawa, alhali ba a jin gangar, dole ya yi kama da wawa. Kirarin nan da ake yi wa duniya, budurwar wawa, daga wannan kallo ya fito.

Sai dai akwai wani ƙulli a nan wanda mawaƙan ba su cika ambata ba. Mai son ya farkar da shagalalle dole ya fara kama kunnensa, kuma babu hanyar kama kunne sai ta shagaltar da shi. Shi ya sa waƙar wa'azi take da kari mai daɗin rerawa da amsa-amo mai tsauri, shi ya sa ake siffanta wuta dalla-dalla har tsikar jiki ta tashi, a siffanta aljanna da ƙoramunta da inuwarta har mutum ya ji yawu. Sau da yawa ma baitocin da suka fi rai su ne waɗanda ake jero abin da aka zo hanawa. Wanda ya saurari 'Yar Gagara ta Aƙilu Aliyu ya san haka. Waƙar zambo ce ga karuwa, manufarta gargaɗi, amma abin da ke riƙe mai sauraro shi ne yadda mawaƙin ke tara mata sunaye ɗaya bisa ɗaya, kowanne ya fi na baya yaji, har mutum ya manta an zo yi masa faɗa ne. Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja a kan giya da karuwanci su ma haka suke aiki. Ni dai ban ɗauki wannan aibi ba. Wa'azin da ba ya iya tsayar da mai wucewa, mai yin sa kaɗai zai ji shi.

Bege kuwa da bakinsa yake magana. Wannan shi ne bambanci na farko, kuma babba ne. Mai bege yana cewa ni, yana faɗin rashin barcinsa da hawayensa da ramarsa, ba wani ke nuna shi da yatsa ba. Bambanci na biyu shi ne abin da ya nutse a cikinsa ba ya kusa. Shagalalle hannunsa na kan abin da ya ɗauke masa hankali. Mai bege tsakaninsa da abin begensa akwai hamada da teku da ƙarnoni.

Shehu Usmanu yana ɗan kimanin shekara ashirin ya yi ƙasidarsa ta Larabci da ake kira Daliyya, wadda gaba ɗayanta ƙishirwar ziyartar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ce a Madina. Ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, malamin ya wuce Makka, shi ya komo gida don mahaifinsa bai ba shi izinin tafiyar ba. Har ya rasu a 1817 bai je ba. In an karanta ƙasidar da sanin wannan, sai a ga ashe rashin isa shi ne itacen da ke rura wutar. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A zamanin, mai niyyar hajji daga ƙasar Hausa yakan yi sallama irin ta wanda ba lalle ya dawo ba, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙafa, yana noma ko ɗinki a hanya don ya sami guzuri, tafiyar takan ci shekaru, da yawa kuma suka yada zango a Sudan, jikokinsu na can har yau. Jama'ar da Madina ta yi wa nisa haka, ba sai an koya mata ma'anar bege ba.

Kayan aikin madahu, da yawansu aro ne. Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, wadda ke da baiti ashirin ga kowane harafi, da Burdar Busiri ta Masar, su ne makarantar da sha'iran ƙasar Hausa suka yi karatu. Daga can aka samo idon da ba ya bushewa, da iskar da ke kaɗowa daga wajen Hijaz, da walƙiyar da ke tuna wa mutum masoyi, da mai zargi wanda ke cewa ka daina, ana ce masa ba ka ɗanɗana ba ne. Da aka juyo da su Hausa da Fulatanci, kamar a Ma'ama'are ta Shehu wadda ɗansa Isa ya mayar Hausa, da Begore da ke cikin waƙoƙin Nana Asma'u, sai suka sauka a kan wata kalma ta gida wadda uwa ke amfani da ita ga ɗanta da ya tafi cin rani. Nan ne ƙarfin abin yake. Matan karkara da jajis, wato malamai matan da Asma'u ke turawa, ke koya wa waƙa, 'yan taru, ba su buƙatar sharhin malami kafin su gane me ake nufi da a yi begen wani, tunda kusan kowace tana da wanda take jira.

Wannan mai zargi da ke cikin madahu ya cancanci a dube shi da kyau, don shi ne mai wa'azin nan na ɗazu ya shigo waƙar wani. Yana ganin mutum ya rame, ya bar kasuwa, ya bar barci, sai ya ba da fatawar da ya saba bayarwa. Sha'iri kuwa ya sa shi a waƙar ne musamman don ya kayar da shi. Ke nan tun da daɗewa madahu ya san cewa daga waje bege da shagala kamanninsu ɗaya.

Babu inda sunayen biyu suka zauna a tabarma ɗaya kamar Imfirajin Aliyu Namangi, makahon Zariya da aka haifa a 1894 ya rasu a 1990, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. A waƙa ɗaya yakan zargi mai ruɗuwa da duniya, ya juya ya narke cikin yabon Annabi, ya sake juyowa kan mutuwa, ba tare da an ji wurin ɗinkin ba. Makafi mabarata suka ɗauke ta suka kai ta lungunan da littafi bai taɓa shiga ba. Da hantsi za ka ga makaho ya tsaya a bakin zaure, ya dogara sanda, ɗan jagora na gefe riƙe da ƙoƙo. Ya ɗauko baiti, abokin baransa ya karɓa. A cikin gida taɓarya ta tsaya a turmi. Uwargida ta ce, “Ke 'yar nan, ɗebo wa Malam hatsi,” yarinya ta ɗebo, sai ta riƙe mata hannu: “Dakata tukuna, bari ya kai ƙarshen wannan.” Ta san in sadaka ta isa, addu'a za ta biyo, waƙa ta koma gidan gaba. Baitin da ta tsayar da daka don ta ji, yana iya yiwuwa gargaɗi ne ga masu barin abin da ke gabansu su bi abin da ke da daɗin ji.

A ƙarni na 20 ɗariƙu suka ƙara wa bege wata kalma mai zafi, shauƙi. Bayan haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a hajjin 1937, failar Tijjaniyya ta bazu a Kano da kewaye, ta zo da Diwanin Shehun da zakirai masu rera shi, da maganar tarbiyya da fana'i, wato mutum ya ɓace wa kansa a cikin ambaton Allah. A ɓangaren Ƙadiriyya, Shehu Nasiru Kabara ya tsaya tsayin daka wajen kare bandiri a zikiri. Shauƙi a nan hali ne da ake gani da ido. A majalisin dare, an toshe layi da tabarmi, lasifika na kan sanda, 'yan amshi sun yi sahu a bayan sha'iri. Ya maimaita ɗango ɗaya sau uku, sau huɗu, bandiri na ƙara sauri, sai wani dattijo da ke zaune shiru tun farko ya miƙe, hularsa ta faɗi bai sani ba, yana kuka yana juyi. Matasa biyu su riƙe shi ta kafaɗa kada ya faɗa kan mutane, wani ya ce, “Ku ƙyale Baba, shauƙi ne.” A ƙofar gidan da ke kallon majalisin kuwa, wani maƙwabci na ce wa abokin zamansa, “Alhaji, wannan fa shagala ce tsagwaronta. Gobe ka ƙirga waɗanda za su sami asuba a cikinsu.” Tun kafuwar Izala a Jos a 1978 wannan musu ya zama na yau da kullum a wa'azi da kaset da rediyo, kuma dattijon nan guda ɗaya ne, kalmomin ne ke ja-in-ja a kansa.

Abin ya ƙara cakuɗewa da fina-finan Indiya suka mamaye gidajen silima na Kano. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a birnin a shekarun 1990, ya rubuta labarin ƙungiyoyin bandiri irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗaukar karin waƙar soyayya ta fim su cire kalmomin su zuba yabon Annabi. Hujjarsu a fili take: karin nan ya riga ya kama zukatan matasa, gara a juya akalarsa. Masu suka kuma suka ce wanda ya ji karin, jarumar fim ɗin zai tuna, ko me aka ɗora a kai. Kowane ɓangare ya yarda karin yana ɗauke hankali, inda ya kai shi ne ake gardama. A daidai lokacin da kari ke tafiya daga soyayya zuwa madahu, kalmomi suna tafiya ta ɗaya hannun, bege da shauƙi suna fita daga zawiya suna shiga wasiƙar saurayi da waƙar fim.

(Akwai wani hali na uku da makaɗan baka suka fi kowa sani, wato tsuma, irin wadda ke kama ɗan dambe in ya ji takensa, kamar yadda Ɗan Anace ya riƙa tsuma Shago. Ita ba a cika yi mata shari'a ba, domin ba ta daɗewa, kuma amfaninta a fili yake: a shiga fage a yi kisa ko a sha ƙasa.)

A ganina wanda ya fi kowa fahimtar wannan al'amari a marubutan zube shi ne Abubakar Imam, kuma ya yi hakan ne ba tare da ya yi wa kowa lacca ba. A 1936 aka ɗauko shi daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya wurin Rupert East don ya rubuta littafin karatu na makarantu, abin da ya zama Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937. Dubi ginshiƙin labarin. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri ya ƙulla makirci da abokan gaba don a fitar da yaron daga fada a kama shi. Musa kansa ransa na wajen fagen fama, ba abin da yake so kamar ya fita. Aku ya gane hani ba zai tsare matashin da jininsa ke tafasa ba, sai ya kama shi da labari, wannan na ƙarewa wancan na farawa, har gari ya waye, tafiya ta fasu, gobe kuma a sake. Garin kallon ruwa kwaɗo ya yi wa mutum ƙafa, in ji masu iya magana, kuma karin maganar gargaɗi ce. Imam ya juya ta: kallon ruwan ne ya hana Musa taka tarkon da aka ɗana masa a ƙofar gari.

Tsarin ba nasa ba ne tun asali. Ya fito daga tsohon labarin aku na ƙasar Indiya, wanda Farisawa suka juya suka kira Tuti Nama, inda aku ke hana matar ubangidansa fita wurin kwarto ta hanyar ba ta labari kowane dare. A can akwai tsuntsuwa ta biyu wadda ta buɗe baki ta yi wa matar nasiha kai tsaye, aka kashe ta nan take. Mai wa'azi ya mutu, mai shagaltarwa ya rayu ya kuma cim ma abin da mai wa'azin ya so. Imam ya ɗauko wannan darasi ya kawo shi ƙasar da adabinta na rubuce ya shekara fiye da ɗari yana la'antar shagala, ya sa shi a hannun 'yan makaranta, daga baya ma ya naɗa akun waziri. Kuma bai taɓa tsayawa ya roƙi mai karatu ya yarda cewa labaran na da daɗi ba. Alamar da ya bayar ita ce wayewar gari: mutum ya shirya fita da dare, sai ga asuba. Mai karatu ya san gaskiyar hakan domin shi ma fitilarsa ta cinye kananzir.

Jiki Magayi na John Tafida da East, daga wannan zamani, ya nuna ɗaya fuskar. Abubakar, wanda mai kuɗi ya ƙwace masa masoyiyarsa Zainab, ya nutse cikin neman fansa har ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon neman asirin da zai lalata ɗan da za ta haifa. Abin da ya fara da bege ya ƙare da ƙulli a zuci, kuma littafin ya bar jikin mutumin ya ba da shaida.

Da littattafan soyayya suka ɓarke a Kano a shekarun 1980, bayan So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya buɗe ƙofa a 1980, sai tsohuwar shari'ar nan ta dawo sabuwa. Marubutan sun gaji tsarin bege daidai: masoyi wanda ba a isa gare shi ba. Abin da ya tsaya a tsakani yanzu shi ne auren dole da kuɗi da iyaye. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya 'yar masu hali ta so Muhammad talaka, aka matsa mata ta auri mai dukiya, ta faɗa rijiya. Rashin barci da ƙin cin abinci da rama da hawaye, duk kayan madahu ne aka sauya musu alƙibla, har mai zargin nan ma yana nan, ya zama kaka ko gwaggo mai cewa so ba ya cika ciki. Masu suka kuwa suka ɗauko ɗaya kalmar daga inda aka ajiye ta. Littattafan nan, in ji su, suna shagaltar da 'yan mata daga karatu da matan aure daga aikin gida. A 2007 har an ƙona wasu a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau.

Zargin yana da gaskiya a cikinsa. Duk wanda ya zauna a gidan Hausa a waɗannan shekaru ya ga yarinya ta cusa ɗan littafin haya a tsakiyar littafin lissafi, ko ya ji ƙaurin tuwo daga madafa alhali mai tuƙin na zaune a gefen murhu kanta a sunkuye. Amma wannan shaida ce ta cewa littafin ya yi aikinsa, irin aikin da ake yaba wa aku a kansa a aji. Ba ta gaya mana ko littafin mai kyau ne ko maras kyau. Kalmar shagala ta ba masu suka damar yanke hukunci ba tare da sun karanta ba, kuma an ɓata shekaru ana musu a kan tarbiyya, aka bar maganar fasaha a baya.

In da an yi maganar fasaha, da an ga inda rauni yake. Yawancin waɗannan littattafai, da waƙoƙin fim da suka biyo bayansu, da labaran da ake sayarwa yanzu shafi-shafi a WhatsApp, sun mayar da shauƙi abin barbaɗawa, kamar mai ƙara gishiri a miyar da ba ta ji nama ba. Kowane shafi wani shauƙi na ɗibar wata, ta lumshe ido, bege ya hana wani sukuni, alhali jiya suka rabu kuma wayarsa na hannunsa. Bege ba ya rayuwa inda babu nisa, kuma kalmar da aka faɗa sau talatin a babi ɗaya ba ta iya ɗaukar abin da ta ɗauka a bakin mutumin da ya juyo daga Agadas. Abin da marubutan intanet suka riƙe da kyau shi ne dabarar aku, wato yanke labari a daidai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba, sai dai su kuɗin shafi na gaba suke karɓa a wurin.

Inda na ga sabon abu shi ne wajen marubutan da suka bar kalmomin biyu suka kalli wani nutso daban, na wanda ya duƙufa. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, akwai shagalalle irin na waƙar wa'azi sak: Alhaji Abdu, ɗan kasuwa, wanda wata mace, Delu, ta ɗauke wa hankali har ya kori matarsa Rabi da 'ya'ya tara, daga baya dukiyar ta salwanta. Wannan rabin labarin tsohon hannu ne, Malam Muhammadu na Birnin Gwari zai gane shi. Ɗaya rabin kuwa na Rabi ne, wadda ta kama sayar da abinci don ta ciyar da yaran, ta biya kuɗin makaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu. Ita ma ba ta da lokacin kanta, ita ma barcinta kaɗan ne, hankalinta duka yana kan tukunya da cinikin yau da cefanen gobe. Waƙar wa'azi ba ta da gurbin da za ta sa ta, tunda duniya take nema ido rufe kuma ba wanda zai ce ta yi laifi. Madahu ma ba shi da shi. Mata sun daɗe suna rera irin wannan hali a bakin turmi da dutsen niƙa, makaɗan noma suna yi wa manoma, amma rubutaccen adabi ya makara kafin ya waiwaye shi. Da Alhaji Abdu ya tsiyace, manya suka taru suka matsa wa Rabi ta koma gidansa, ta koma ba da son ranta ba, kuma ita ce ta ci gaba da riƙe gidan da sana'arta.